Inda Basilla Ba Ta Kai Ba

A Kibiya aka yanke mini cibi,
garin da sunansa ma makami ne.
Katifa nake ɗinkawa a gindin ɗorawa,
da matashin kai, da kujerar babur in ta yage,
amma basillar nan da ke hannuna
ba don barci aka ƙera ta ba.

Kakan babana, Nomau, lifidi yake yi.
Audugar rimi yake cusawa tsakanin saƙi biyu,
ya bi ta da zare layi-layi
kamar mai tayar da kunya a gona.
In mahara suka gangaro daga duwatsu bayan girbi,
kibiya mai dafi ta taho da fushinta,
ta shiga auduga, hanya ta ɓace mata,
ta tsaya tana reto kamar ƙarangiya a jikin tunkiya.
Mutum ya komo gida, matarsa ta zare goma sha ɗaya,
ta jera su a tabarma,
ta koma ta ɗora sanwa.

Sai wani mai wayo ya naɗa tsumma a bakin tasa,
ya tsoma a mai, ya kunna.
Abin da ya tsare ka jiya,
yau shi ne makamashinka.

Sulke kuwa na masu hali ne,
daga gabas raƙuma ke kawo shi,
zobe riƙe da zobe kamar zumuntar kirki.
Takobi ya sauka ya zame, ya ji kunya.
Ana nan har bindiga mai ruwa ta iso.
Harsashi bai tambayi kuɗin rigar ba,
ya kwashi zobban ya shige da su cikin nama,
wanzami ya kwana yana tono da fitila.

An ce Nomau bai ce uffan ba.
Ya warware lifidin ƙarshe, ya shanya audugar,
ya mai da ita shimfiɗa.
Daga ranar muka zama masu kwantar da mutane.

Shekaranjiya jikana Sallau ya biyo,
motar aikinsu ta tsaya shan mai a bakin titi.
Ya cire wata riga mai ruwan ganye ya miƙo:
Baba, maɗaurinta ya tsinke, minti goma gare ni.

Na ɗaga ta, nauyin ɗan akuya.
Faranti a gaba, faranti a baya,
na ƙwanƙwasa, ba ƙarfe ba, ba tangaran ba.
Na duba ɗinkin. Na inji ne, kuma an yi sauri.

Tana aiki? na ce.
Ya ɗaga singileti.
Tabo baƙi a ƙirji, faɗin bakin ludayi.
Kamar jaki ya harbe ni, Baba,
na faɗi, na tashi, na ci abinci da dare.
To Isiyaku fa, mai dariyar nan da kuka zo tare bara?
Ya ɗaga hannu, ya nuna mini hammatarsa.
Bai ƙara ba. Ban ƙara ba.

Kakarsa ta fito da laya a ƙulle a bakin zane.
Ban hana ta ba, ban kuma taya ta ba.
Ni ɗinki na gada.
Na ninka zare huɗu, na goga masa kakin zuma,
na bi maɗaurin da irin ɗinkin Nomau,
gaba biyu, baya ɗaya,
ina ja har zaren ya yanke ni a yatsa.

Na sa masa da hannuna, na ɗaure tamau.
Idona ya tafi wuyansa,
ga jijiya tana bugawa a fili,
inda auduga ba ta rufe ba,
inda zobe bai rufe ba.

Direba ya danna ham.
Canjin da ya ajiye yana nan ƙarƙashin almakashi.
Katifar malamin firamare na jirana,
saura gefe ɗaya.