Kifi Ɗaya

Ni magini ne, a Ƙofar Guga nake,
hannuna ya san laka fiye da takarda.
Daren Talata Barira ta baje littafi a tabarma,
an ɗauke wuta, ta kunna fitilar waya,
ta ce, "Baba, gobe Malam Rabe zai tambaye mu Mongol."
Na ce, karanta da ƙarfi,
kunne ba ya biyan kuɗin makaranta.

Ta faɗi sunansa, ya yi wa harshena nauyi,
sai na riƙa ce masa maraya.
Yana ɗan shekara tara aka sa wa ubansa guba.
Dangi suka naɗe tantuna, suka kora dabbobi,
suka bar uwa da 'ya'ya a filin Allah
inda sanyi ke fasa dutse.
Ita ke tonon saiwa da tsinke,
su suna kamun ɓera da kifin rafi.

A nan Barira ta rage murya:
wai wata rana ɗan'ubansa ya ƙwace masa kifi,
ya ɗauko baka, ya harbe shi.
Na ce, maimaita.
Ta ce, "Kifi, Baba. Guda ɗaya."

Daga nan labarin ya saki linzami.
An kama shi, an sa masa gungume a wuya,
ya tsere, ya kwanta a ruwa, hanci kawai a waje.
Ya tara tsintattun mutane, marasa uba irinsa,
ya kasa su goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu,
bai tambayi kowa sunan kakansa ba,
sai dai: ka iya zama a kan doki? Ka iya riƙon alkawari?
Shekara ta kai shekara,
waɗanda suka guje shi suka dawo suna durƙuso.

Sai biranen.
Nan ne cikina ya ɗuri ruwa, don na san ganuwa.
Na san kwando nawa na ƙasa ke tayar da kamu guda,
na san bayan da ke karyewa kafin tubali ya bushe.
Buhara, in ji ta, garin malamai.
Samarƙandi.
Mutumin da bai taɓa kwaɓa laka ba,
mai kwana a ɗakin gashin tumaki,
ya bi katangun duniya yana tura su
kamar akuya a kan danga.
Na tambaye ta magina nawa suka mutu.
Ta duba, ta juya shafi, ta ce ba a rubuta ba.

To ina kabarinsa?
Wai har yau ba wanda ya sani.
Daga tekun Sin zuwa inda rana ke gajiya,
amma ba a san kamu huɗun da ya samu ba.

Ta yi barci da biro a hannu.
Na fito tsakar gida. Wata ya tsaya saitin Gobarau.
Ga katangar da na gina da hannuna shekara bakwai baya,
ta ratsa gidan ubanmu ta tsakiya,
ta bar mini rijiya, ta bar wa Mati bishiyar lemo.
A kan taku biyu muka yi.
Na yi ta da kyau, wallahi, ko tsaga babu,
damina bakwai ba ta ci gindinta ba.

Ina jin tarinsa ta can.
Tarin Baba ne sak, mai ja sau biyu.

Ban ɗauko diga ba, kada in yi ƙarya.
Na dai dafa ta, akwai sauran ɗumin rana a jikinta,
na ce, "Mati, ba ka yi barci ba?"
Tarin ya tsaya.
Kare ya yi haushi wajen ganuwa.
Ina tsaye.