Kuskuren Tasalla

Na taso daga injin auduga da farin kaɗa a gemu,
rana ta riga ta faɗa Binuwai.
Uwar yara tana asibiti, aikin dare gare ta,
ta bar mini takarda jikin ƙofa:
"Su ci wani abu kafin isha'i."
Wani abu. To.

Ni da muciya mun daɗe ba ma ga-maciji.
Na koma wurin Tanko yana kankare teburi,
ya niƙa mini nama na jaka ɗaya da rabi,
ya yi gyara da ɗan kitse.
Burodi huɗu, dogaye, na ɗaure bayan babur
kamar mai kai sanduna kasuwa.

Garwa ba ta huce ba, bango yana mayar da zafin yini.
Albasa biyu suka sa Ɗanlami kuka ba tare da duka ba.
Nama ya shiga mai da tsaki,
na bi shi da ludayi ina warwarewa
kada ya dunƙule.
Tumatirin gwangwani, tattasai, tafarnuwa, magi ɗaya.
Sai aka ɗauke wuta.

Cikin duhun na ce, "Tasalla, gishiri, zuba cokali."
Shekararta bakwai, hannunta bai san rowa ba.
Gwangwanaye biyu ne a kan kanta,
duka na madara, duka ba suna.
Da na haska waya na ɗanɗana
sai na ji miya ta koma shayi.

Ta sunkuyar da kai, leɓe yana rawa.
Jaka ɗaya da rabi, ga wata ya yi nisa.
Maganar da ta taso mini har maƙogwaro
na tauna ta, na haɗiye.
Na ce, "Ɗauko tsamiyar kunun innarki."

Muka jiƙa, muka tace, muka zuba.
Gishiri na gaske, wannan karon na lasa tukuna.
Yaji rabin cokali.
Na bar tukunya tana ta ɓararraka
har ruwan ya tsotse, ya yi kauri,
ya yi ja kamar ƙasar hanyar Ngaundare.
Zaƙi ne ya fara gaisuwa,
tsami ya amsa,
yaji ya shigo daga baya ba sallama.

Na tsaga burodi, na cika masa ciki har ya kasa rufe baki.
Muka zauna a tabarma, fitilar waya a cikin kofi.
Ka ciza nan, ya tsere ta can,
ya bi yatsu, ya gangara gwiwar hannu.
Bappa, autanmu, ya shafa har kunne,
ya ce burodin ne yake haɓo.
Ba wanda ya tambayi tuwo.
Rigar makarantar Ɗanlami kuwa, sai dai Allah ya ba sabulu haƙuri.

Guda na naɗe a takarda na kife da kwano.
Da asuba ta shigo, warin magani a mayafinta,
ta ci shi a tsaye, da sanyinsa,
ta lashe babban yatsa ta ce, "Wa ya koya maka?"
Na nuna mata da haɓa
wadda ke barci da jan miya a kumatu.

Ta ce yau sai ta rubuta wa gwangwanayen suna.
Har yanzu ina ɓoye mata alƙalami.