Ƙirgen Alƙalin Wasa

Ni na ƙirga masa goma, shekara shida baya,
yana kwance a Garwa kamar dilar auduga.
Daga nan sai dakon albasa a bakin Binuwai,
gwiwa ta gaza, ubangida ya gudu da sefarsa.

Daren jiya Jatau ya dawo,
kilo ɗari da goma, numfashi kamar zugazugi.
Yaron Marwa ya yi ta kirɓarsa.
A zagaye na bakwai ya durƙusa. Na kai huɗu,
ya ɗago kumburarren ido:
"Malam Hamadu, saurin me kake?"
Ya miƙe.

Yaron aka ba. Ni na ɗaga hannunsa, kuma daidai ne.
Amma na duba takardun maki har asuba,
babu layin da ake rubuta tashi.