Abin da Bai Iso Ba

Ƙarfe ɗaya na dare a Samaru.
An ɗauke wuta, fanka ta yi tsit.
Saura kashi sha tara a batir,
ni da lambobi mun zuba wa juna ido.

Baba Jatau ya leƙo da tocila:
"Malama, har yanzu me ake ƙirgawa?"
Na ce, "Abin da bai iso ba."

Can inda ko tunani sai ya ya da zango
akwai garin taurari mai baƙin rami a cibiya,
yana haɗiya, yana aman wuta.
Daga nan ake harbo hasken gama,
wanda ya fi duk wani haske zafin nama.
Ka ce shi zai riga kowa zuwa.
Ina! Tun a zaure ake tare shi.
Ba ganuwa ce ba, ba dutsen Kufena ba,
'yan ƙwayoyin haske ne raunana,
kamar na aci-balbal ɗin mai ƙosai.
Da ɗaya zai yi karo
ya tsage gida biyu,
tagwaye, kowa akasin ɗan'uwansa,
daga nan ba a ƙara kiran sa haske.
Mai dama-dama ya wuce salin-alin,
gwanin gudu ya kwana a ƙofar gida.
Wanda ya kuɓuta ma,
hasken tsofaffin taurari na jiran sa a hanya.

Na juya masa allon.
Layi ya hau, ya hau,
sai ya karye kamar karan dawa.
"Wannan giɓin nake awo, Baba.
Shi ke gaya mini kaurin abin da ya tare shi."

Ya daɗe bai tanka ba.
Ya kashe tocilar, don tattali.

"Sallau nawa," ya ce,
"shekara shida ke nan da ya hau mota a Kwangila.
Agadas ya ce mana.
Duk cikin 'ya'yana shi ne ƙarfafa,
buhun masara da hannu ɗaya.
Har gobe uwarsa tiya biyu take aunawa.
A ragowar tuwon safe
nake ganin girmansa."

Batir ya mutu.

Muka fito baranda.
Kwaɗi na ta musu wajen madatsar ruwa.
Na buɗe baki zan ce
ai tagwayen nan ba ɓata suke yi ba,
sukan sake haifar wani haske mai rauni
ya ƙaraso daga baya.

Ban faɗa ba.
Ya ɗaga kai sama, ni ma na ɗaga.