Kura a Bakin Taga

Ubana maigadi ne a Ikeja,
shekara goma sha tara yana tsaron ƙofar da ba tasa ba.
Da asuba yakan dawo Agege, tocila a aljihu, idanu jajur,
ya zauna kan benci ya ce, "Barira, zo ki gaya mini,
wa ya motsa a gidan nan jiya da dare?"
Sai in duƙa in karanta tsakar gida.
Silifas ɗin Iya Sikira a jiƙe, ta riga kowa zuwa famfo ke nan.
Ɓawon gyaɗa a bayan buta, Sabi'u ya yi dare.
Ya yi dariya ya miƙo mini ragowar burodinsa.
Ladan farko ke nan da labari ya taɓa jawo mini.

Na girma na zama akawun masu albasa a Mile 12.
Buhu nawa ya sauka, nawa ya ruɓe a hanya,
wa ya ci bashi ya sauya lambar waya.
Bayan rasit fari ne fat,
ni kuwa ba na son ganin takarda tana zaman banza.
A nan aka haifi Jummala, 'yar aji uku,
mai jin ƙarya tun tana maƙogwaro,
da Dele, abokin bincikenta, jarumi in ba a ga kyankyaso ba.
A cunkoson Oshodi na rubuta babin da makulli ya ɓace,
kwandasta na ihu a kaina,
takardar na warin albasa da gumi.

Mutum huɗu na kai wa.
Na farko ya ce soyayya ake saye, haɗa su aure mana.
Na biyu ya ce in juya shi Turanci.
Na uku ya riƙe shi wata takwas,
ya maido shi da tabon shayi a shafi na uku.
Na san inda ya tsaya. Ai ni 'yar maigadi ce.
Na huɗu ko igiyar bai kwance ba.

Sai na shiga adashi.
Ranar kwasata na nufi Shomolu, inda injuna ke tari dare da rana.
Oga Lasisi ba ya jin Hausa, amma yana jin kuɗi.
Kwafi ɗari biyar, bango ruwan ɗorawa.
A tsaye na buɗe, a bakin kwata.
Ashe injinsa wanzami ne,
ya bi haruffa ɗaya bayan ɗaya ya aske musu ƙugiya.
A shafi na sittin, inda asirin duka yake rataye,
Jummala ta ga ƙura a bakin taga,
shi kuwa ya buga mini kura.
Kura! A bene hawa na uku, a tsakiyar Legas!

Kuka ya taso, dariya ta riga shi fita.

Dare tara, ni da Baba da biro biyu.
An ɗauke wuta, tocilar tana tsakanin haƙoransa.
Bai san boko ba. Na nuna masa inda ake lanƙwasawa,
ya ce, "Wannan ai kan sandata ne,"
ya duƙufa yana mayar wa haruffa abin da aka sace musu.
Duk da haka wasu kwafi sun tsere mana,
karo na farko da wani abu ya wuce shi cikin dare.

Bai ga littafi na biyu ba.
Tocilar tana kan teburina, ba batir.

Amma ga yadda na biyun ya samu:
wata yarinya, Rumasa'u, ta tare ni a tashar jirgin ƙasa,
ɗaya daga cikin tserarrun a hannunta, bangon ya yi laushi.
"Anti, tun shafi na arba'in na gano ɓarawon,
kin bar takalminsa a jiƙe.
Amma kurar nan fa? Wa ya kawo ta? Ina ta shiga?"

Na buɗe baki zan ce kuskure ne.
Na dubi idanunta, na rufe.
Jirgi ya yi kuka.
Na laluba jaka, ina neman rasit.