Saiwar Soja

Talata, aji biyu, bayan an dawo tara,
na rubuta bellum a allo, na ce: yaƙi.
Duk aji ya juya ya kalli Bello,
wanda ko kaza bai taɓa kora ba.
Dariya har ajin Malam Tanimu.

Na ce ku natsu, kalma rogo ce,
sai an tona.
Kyaftin daga caput ya fito, wato kai.
Saje, da kuke tsoron gashin bakinsa a ƙofar bariki,
asalinsa mai hidima:
Latin ta miƙa masa tsintsiya kafin igiya uku.

Ta taga muna jin kurata
suna gudu, suna waƙa, ƙafa ɗaya.

Sai Ladidi daga bencin baya,
wadda babanta ya tafi gabas tun kafin shuka,
ta ɗaga hannu: Malama, soja fa?

Na san amsar. Solidus,
tsabar zinariyar da Rumawa ke biyan mayaƙa.
Soja: wanda aka biya.
Alli ya tsaya a hannuna,
don jiya na ga uwarta a layin banki a Sabon Gari,
ta fito jaka wayam.

Na faɗa dai. Ba a ɓoye saiwa.
Ta rubuta, ta ja layi biyu,
ta ce: To, su Rumawan suna biya kan lokaci?

Ƙararrawa ta cece ni.
Pax, zaman lafiya, na tanada don rufe darasi.
Tana nan cikin littafina.
Ba mu kai gare ta ba.