Likitan Dara

A asibitin Ringim, bayan ɗakin awo,
akwai wata maina da ta girmi ginin.
Nan ne ofishina:
tabarma biyu, gwangwanin madara cike da tsakuwa,
mazari uku, damin kaba,
da ƙwallon tsumma da na ɗinka da hannuna.

Tumaki huɗu Inna ta sayar don karatuna.
Ran da ta same ni a durƙushe ina tona gurabe
sai ta riƙe haɓa:
"Ashe abin da ka je koyo birni ke nan?
Da ka faɗa, ai da kawunka Barau ya koya maka kyauta."
Masu gadi kuwa sun raɗa mini suna,
Likitan Dara, in na wuce su ƙyafta ido.

Ban musa ba. Ba ni da allura,
ba na rubuta ƙwaya, ba na ɗorin karaya.
Nawa shi ne wanda mutuwa ta saki
amma rayuwa ba ta zo ɗaukarsa ba.

Kamar Baba Jatau, maƙerin Kyarama.
Shekara arba'in damansa na ba ƙarfe umarni,
dare ɗaya ɓarin jiki ya shanye,
hannun ya zauna kan cinya kamar baƙon da ba a san gidansu ba.
Wata huɗu bai ce uffan ba.
Jikarsa Hassi na kai masa ludayin koko,
shi yana kallon bango.

Na kawo ƙwallo, ya yi mini kallon mara kunya.
Na kawo kaba, ya rufe ido.
Sai Hassi ta ce, da can a bakin maƙera
ba a taɓa cin sa a dara ba,
har fatake na kwana don su gwada.

Na tona gurabe talatin a gabansa.
Ni tsakuwa, shi tsinke,
yarinyar na ajiye masa inda idonsa ya sauka.
Kwana tara yana cinye ni da ido kawai.
Ran na goma, Allah Ya yafe mini,
na faki idon Hassi
na zame tsakuwata gida biyu.

Hannun nan. Na daman.
Ya taso yana rawa kamar ɗan akuyan da aka haifa yanzu,
ya faɗo kan wuyan hannuna, ba ƙarfi, sai zafi.
Baki ya karkace, ya yi ta lalube, ya samo:
"Ɓa... rawo."

Koko ya kife a tabarma.
Tun da nake ban ji zagi mai zaƙin wannan ba.

Da la'asar na buɗe rajista.
Akwai gurbin suna, gurbin shekaru,
gurbin abin da aka yi wa majinyaci.
In ce na cuce shi ya kama ni?
Na rubuta: ya ɗaga hannu taƙi guda, ya furta kalma ɗaya.
Kalmar na bar ta a cikina.

Ba kowa ke tashi ba.
Iya Delu ta murza mazari mako uku,
zarenta ya fara daidaita,
kuɗin mota ya ƙare, aka daina kawo ta.
Mazarin na nan da rabin zare, na kasa warwarewa.
Albashi ma yakan yi jinya, shi ba ya jin dara.

Yanzu duk Alhamis ɗan acaɓa na sauke Baba Jatau.
Kafin mu fara sai ya ƙirga tsakuwata ɗaya-ɗaya,
da dama yake ƙirgawa, a hankali,
ni kuma ba na taya shi.

Inna har yau in an tambaye ta
"yana aikin asibiti" take cewa, ta ja bakinta.
Amma kasuwar da ta wuce ta aiko da ƙullin leda,
'ya'yan tsamiya ne, wankakku, an zaɓe masu girma.
Ɗan aiken ya ce ta ce,
wai ko tsakuwa na yi wa tsofaffin nauyi.